Fuloti Shida da Ruwan Shekara Ɗari: Yadda Ake Yanke Hukuncin Gini a Arizona Lokacin Fari

A arewacin birnin Scottsdale da ke jihar Arizona a Amurka, akwai wata tashar famfo da tankokin ruwa suka shafe shekaru suna bin layi a gabanta. Direba zai jona tiyo ya cika tanka, ya kama hanyar Rio Verde Foothills, wata unguwa da ke bayan iyakar birnin, ya je ya juye ruwan a tankin gida wanda galibi yake cin galan 5,000, wato kusan lita 19,000. Gidajen masu hali ne, wasu har da dawakai a bayan gida, amma ko bututun gwamnati ɗaya bai je wurin ba. Ranar 1 ga Janairun 2023 Scottsdale ta ce an daina, duk wanda ba mazaunin birnin ba ne ba za a ƙara sayar masa da ruwa ba. Gidaje wajen 500 suka wayi gari sai dai a ɗebo musu daga garuruwa masu nisa. Kuɗin ruwan wata ya ninka sau uku ga iyalai da dama, mutane suka koma tarar ruwan sama da cin abinci a farantin takarda don gudun wanke-wanke.

Wata biyar bayan haka, ranar 1 ga Yuni, Gwamna Katie Hobbs ta sanar cewa jiha ta daina ba da takardar tabbacin ruwa ga duk sabon rukunin gidaje a yankin Phoenix, babban birnin jihar, da zai dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da yawa suka ɗauka an tsayar da gini ke nan a Phoenix, alhali kuwa ba a daina aza harsashi ba ko na kwana ɗaya. Sai an san yadda aka raba iko tsakanin birni da gunduma da jiha kafin a gane abin da ya sa wata unguwa ta tashi ba ruwa, wata kuma aka hana ta tun tana kan takarda.

Ma'auni da tushen ruwan

Duk lissafin ruwa a yammacin Amurka da eka-ƙafa ake yin sa, wato ruwan da zai rufe eka ɗaya har zurfin ƙafa ɗaya. Ya kai lita miliyan 1.23, kuma a yankin Phoenix yana ishin gida uku a shekara. A riƙe wannan, duk alƙaluman da ke ƙasa da shi za a auna su.

Ruwan saman da ke sauka a Phoenix bai cika wuce milimita 200 a shekara ba, rabin abin da Damagaram ke samu ke nan ko ƙasa da haka, ga mutum kusan miliyan biyar a yankin. Ruwan da suke sha yana zuwa ne daga kogunan Salt da Verde, da Kogin Kolorado ta wata doguwar magudana mai tsawon kilomita 540 da ake kira Central Arizona Project, da gurɓataccen ruwan da aka tace, sai kuma rijiyoyin burtsatse. Kason Arizona a Kolorado eka-ƙafa miliyan 2.8 ne a shekara. Amma da majalisar tarayya ta amince a gina magudanar a 1968, sharaɗin shi ne idan kogi ya ja, ruwan magudanar za a fara yankewa kafin a taɓa na Kalifoniya. Haka kuwa aka yi: a 2022 an rage wa Arizona eka-ƙafa 512,000, a 2023 aka rage 592,000, kusan kashi 21 cikin ɗari na kasonta.

Shaidar shekara ɗari

Dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta 1980, wadda Gwamna Bruce Babbitt ya sa wa hannu, ita ce ginshiƙin komai. Kafin ta, duk mai fili yana iya zuƙar ruwa iya ƙarfin injinsa. Sakamakon yana nan ana gani: kusa da garin Eloy ƙasa ta nitse fiye da mita huɗu, kuma ta tsattsage a wurare da dama har tsagar ta ratsa tituna. Dalili shi ne idan aka zuƙe ruwan da ke tsakanin yashi da laka, lakar tana dannewa ta haɗe, kuma ko ruwa ya dawo ba ta sake buɗewa. Rumbun ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ne kansa yake ƙanƙancewa.

Dokar ta ware yankunan da suka fi cunkoso ta sa su ƙarƙashin kulawa ta musamman: Phoenix, Pinal, Prescott da Tucson, daga baya aka cire Santa Cruz daga Tucson a 1994. A cikinsu ba a buɗe sabuwar gonar ban-ruwa, kuma ba a yanka fili a sayar da fulotai sai an nuna ruwan da zai ishi gidajen shekara ɗari. Ƙa'idojin nuna wannan shaida sun fara aiki gadan-gadan a 1995.

Ga yadda abin yake a aikace. Mai gina rukunin gidaje yana da filin da zai yanka fuloti 1,000. Injiniyansa zai fara lissafa buƙata: gida nawa, mutum nawa a gida, girman tsakar gida, filin wasa, makaranta, bishiyoyin gefen titi, da ruwan da zai zube ta ɓarakar bututu. A ƙiyasin gida uku kan eka-ƙafa ɗaya, yana neman kusan eka-ƙafa 333 a shekara, wato 33,300 a shekara ɗari, kafin a ƙara na filayen jama'a. Sai ya je Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta jiha ya nuna cewa ruwan yana nan a zahiri, yana da haƙƙinsa a shari'a, ba zai yanke ba, yana da tsabtar da za a sha, kuma akwai kuɗin gina rijiyoyi da tankuna da bututu. Akwai kuma sharaɗin kada aikin ya saɓa wa burin yankin na daidaita abin da ake zuƙa da abin da ke komawa ƙasa.

Sharaɗin farko shi ne mai wuya. Idan da rijiya za a dogara, dole lissafin masana ya nuna cewa bayan shekara ɗari ana zuƙa, tare da duk wanda ya riga ya sami izini yana zuƙar nasa, zurfin da za a tarar da ruwan ba zai wuce ƙafa 1,000 ba, kusan mita 305. A Pinal an ba da ƙafa 1,100. Idan babu wannan takarda, majalisar birni ko ta gunduma ba ta da ikon amincewa da taswirar fulotan, Ma'aikatar Harkar Filaye da Gidaje ta jiha ma ba za ta bari a sa su a kasuwa ba.

Akwai hanya ta biyu, kuma ita ce ta raba manyan birane da na gefe. Birni zai iya zuwa da kansa ya nuna cewa duk ruwan da yake da shi ya ishi mazaunansa na yanzu da waɗanda yake sa ran samu. Idan aka tantance shi, duk wanda zai yi gini a cikin iyakar bututunsa ba ya neman takarda daban, wasiƙar birni cewa zai ba shi ruwa ta wadatar. Phoenix, Scottsdale, Mesa, Chandler da Tempe duk suna da wannan tantancewa, domin mafi yawan ruwansu na kogi ne. Buckeye da Queen Creek, waɗanda suke cikin garuruwan da suka fi saurin bunƙasa a Amurka, ba su da ita a 2023. Buckeye tana da mutum 6,500 da 'yan kai a ƙidayar 2000, a ta 2020 ta haura 91,000, kuma kusan duk ruwanta na rijiya ne.

Abin da lissafin 2023 ya nuna

Ma'aikatar ruwa tana da wani kwaikwayon rumbun ƙarƙashin ƙasa a kwamfuta. Ana yanka yankin gida-gida kamar dara, kowane gida a ba shi kaurin yashi da laka da zurfin dutsen da ke ƙasa. Sai a zuba bayanan kowace rijiya da abin da take zuƙa, da ruwan da ke tsatsowa daga koguna da gonaki, da duk alƙawarin ruwan da aka riga aka yi wa fulotan da ba a gina ba tukuna. A bar kwamfuta ta tafi shekara ɗari gaba. Duk rijiyar da ta ƙafe a hanya, ko ta ci karo da dutse, ruwan da ya kamata ta bayar sai a rubuta shi a matsayin giɓi.

Giɓin yankin Phoenix ya fito eka-ƙafa miliyan 4.86 a shekara ɗari, kashi 4 cikin ɗari na dukan buƙata. Kashi huɗu ba wani abin tashin hankali ba ne a ido, amma ma'anarsa a doka ita ce an riga an yi alƙawarin ruwan da ya fi wanda ke akwai, don haka ba sauran abin da za a ba sabon mai nema. Tun a Janairun shekarar Hobbs ta fito da wani rahoto kan kwarin Hassayampa da ke yamma da Phoenix, mai nuna giɓin miliyan 4.4, a daidai inda kamfanin Howard Hughes ke shirin gina Teravalis, sabon gari mai gida 100,000 a kan eka 37,000. Pinal kuwa ta riga su shiga wannan hali, lissafinta na 2019 ya nuna giɓin miliyan 8.1.

Dakatarwar ba ta shafi biranen da aka tantance ba, ba ta kuma shafi fulotai kusan 80,000 da suka riga suka karɓi takardarsu ba. Masu gina gidaje suna da ƙorafi biyu da ba za a yi watsi da su ba. Na ɗaya, kwamfuta tana ɗauka rijiya tana nan inda take har abada, alhali a zahiri idan rijiya ta fara ja kamfanin ruwa yana ƙara mata zurfi ko ya haƙa wata a gefe. Na biyu, giɓin da ya bayyana a gabashin yanki yana hana mai fili a yammaci, ko da ruwan da ke ƙarƙashin filinsa ya wadata. A Janairun 2025 ƙungiyarsu ta kai ma'aikatar kotu, tana cewa an ƙirƙiro wannan sharaɗi ba tare da bin matakan kafa ƙa'ida ba. Suna da gaskiya cewa lissafi ba duba ba ne. Sai dai rumbun ƙasa ba ya sanin iyakar fuloti, kuma kuskuren da aka yi ta ɓangaren sassauci mai sayen gida ne zai biya shi bayan shekara arba'in, lokacin da kamfanin da ya gina ya daɗe da kwashe kayansa.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Duk wannan tsari a kan kalma ɗaya yake tsaye, wato abin da doka ta kira rukunin fulotai: fili da aka yanka gida shida ko fiye, kowane bai kai eka 36 ba. Wanda ya yanka biyar bai shiga ciki ba.

A duba yadda ake yi. Mutum yana da eka 40, ya yanka ta biyar, kowane eka takwas, ya sayar wa mutum biyar. Kowane cikinsu ya sake yanka nasa biyar. Fuloti 25 ke nan, ba wanda ya taɓa zuwa ma'aikatar ruwa. Doka ta haramta haɗa baki don kauce wa ƙa'idar, amma tabbatar da haɗin baki aiki ne, musamman idan kowane yanki da sunan wani ƙaramin kamfani daban aka yi rajistarsa. Gunduma tana duba girman fuloti da hanyar shiga kawai, kuma dokar jiha ba ta ba ta damar ƙin amincewa saboda rashin ruwa ba. Wanda ya san awon igiya a bayan garin Kano ya san irin wannan unguwa: fuloti ya riga titi da magudana da famfo zuwa. Bambancin shi ne a Arizona gunduma da kanta take buga hatimin izinin gini.

Haka Rio Verde Foothills ta tashi. Wasu gidajen sun haƙa rijiya sun dace, domin ƙaramar rijiyar da ba ta wuce galan 35 a minti ba kusan ba ta da wani takunkumi. Wasu sun kashe dubban daloli sun tarar da busasshen dutse, suka koma ga tanka. Ita kuwa Scottsdale kusan kashi biyu cikin uku na ruwanta daga Kolorado yake zuwa. Da gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin a Agustan 2021, tsarin fari na birnin ya fara aiki, kuma a cikinsa akwai daina sayar wa na waje. An ba su sanarwa fiye da shekara guda kafin a rufe.

Ruwan da ake rigima a kansa bai kai eka-ƙafa 150 a shekara ba, abin da birni kamar Scottsdale ba zai ko ji a jikinsa ba. Magajin garin na lokacin, David Ortega, ya fito fili ya ce rabon ruwa ba harkar tausayi ba ce. Maganar ta yi zafi, amma akwai lissafi a bayanta. Birnin da aka tantance yana ba da bayanin kowane ɗigo ga jiha, kuma unguwar ba ta daina girma ba. Gunduma tana ta ba da izinin sababbin gidaje, kowane gida kuma sabuwar tanka ce a layin famfon Scottsdale. Birnin ba shi da ta cewa kan ginin, ba ya karɓar harajin gidajen, amma shi ake sa ran ya shayar da su.

Mazauna unguwar ma kansu bai haɗu ba. Masu sayen ruwan tanka sun nemi a kafa musu hukumar ruwa ta unguwa wadda za ta sayi haƙƙin ruwa da sunansu. Masu rijiya suka ƙi, suna tsoron hukumar za ta sami iko a kan rijiyoyinsu da filayensu. A Agustan 2022 majalisar gundumar Maricopa, wadda unguwar ke cikinta, ta yi watsi da buƙatar. Da aka rufe famfo wasu suka garzaya kotu, alƙali ya ƙi tilasta wa birnin. Sai da majalisar jiha ta yi doka ta musamman a Yunin 2023, ta kafa wata hukumar wucin gadi, aka shirya kamfanin EPCOR ya samo ruwan daga wani wuri, Scottsdale ta tace shi ta bi da shi ta bututunta a biya ta. Ruwa ya dawo a Oktoba, bayan wata tara. Dokar yanka biyar kuwa ba a taɓa ta ba.

Akwai wasu ƙofofin biyu. Idan kamfani ya gina gida 300 a kan fili ɗaya bai yanka shi ba, ya ba da su haya, babu rukunin fulotai a idon doka, don haka ba a neman shaidar shekara ɗari. Irin waɗannan unguwannin haya sun yawaita a Pinal, musamman wajen Casa Grande, bayan da aka rufe ƙofar gaba. Masana'anta da rumbun ajiyar bayanan intanet su ma ba rukunin fulotai ba ne. A wajen yankunan kulawa kuwa abin ya fi haka sako-sako: idan bincike ya nuna ruwa bai isa ba, ana iya sayar da fulotan, muddin an gaya wa mai saye na farko. Na biyu da na uku sai abin da suka gano da kansu. Wata doka ta 2007 ta ba gundumomi damar tilasta shaidar, amma sai dukan 'yan majalisar gunduma sun amince ba ko ɗaya da ya ƙi. Cochise da Yuma ne kawai suka yi.

Abin da ke hannun majalisar birni

Mutane sukan tambaya me ya sa birni ba zai ce kawai an dakatar da gini ba. Dokar Arizona ta ɗaure wa birane hannu a nan: sai an yi sanarwa, an saurari jama'a, an rubuta hujjar da ke nuna ƙarancin da kuma cewa dakatarwar ba ta wuce inda matsalar take ba. Ga kuma dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 2006, wadda ta ba mai fili damar neman diyya idan sabuwar ƙa'ida ta rage darajar filinsa. Ƙari a kan haka, biranen jihar da harajin ciniki da kuɗin da ake karɓa a kan sabon gini suke rayuwa. Kansilan da ya ce a tsaya, asusun albashin 'yan kwana-kwana yake taɓawa.

Don haka ainihin ikon birni yana wurin jona bututu da faɗaɗa iyaka. Babu mai filin da ke da haƙƙin a shigar da shi cikin birni dole. Tucson ta kafa ƙa'ida tun 2010 kan iya inda bututunta zai kai, kuma a Agustan 2025 majalisarta baki ɗaya ta ƙi shigar da filin wani katafaren rumbun bayanai da ake kira Project Blue, bayan jama'a sun yi ca a kan ruwan da zai sha. Chandler, inda kamfanin Intel ke da masana'antu, ta bi wata dabara a 2015: ta ƙayyade ruwan da kowane gini zai samu gwargwadon girmansa. Wanda ke son fiye da haka, ko dai majalisa ta ga amfanin da zai kawo wa gari ya kai a ba shi daga ajiyarta, ko ya je ya sayo ruwansa ya kawo. Phoenix ta bi sahu a 2024, ta ce duk sabon mai amfani da galan 250,000 a rana sai ya kawo tsarin tattali.

Sai batun tsakar gida, wanda ake rainawa alhali nan ruwan yake tafiya. Ruwan wanka da na bayan gida yana komawa matatar birni a sake amfani da shi. Tashar nukiliya ta Palo Verde da irin wannan ruwa na Phoenix da maƙwabtanta take sanyaya injinanta. Wanda aka zuba wa ciyawa ko aka cika kwamin wanka da shi kuwa rana ce ke shanye shi, kuma a gidajen yankin yakan kai rabin abin da gida ke sha ko fiye. Shi ya sa majalisar da ta san aikinta ba yawan gidaje kawai take dubawa ba, tana duba faɗin abin da za a yi wa ban-ruwa. Gida ɗari a jere da ƙaramar tsakar gida na iya shan ƙasa da gida talatin masu faffaɗan lambu. Scottsdale ta hana shuka ciyawa a gaban sababbin gidaje a 2023, Tucson kuma tun 2010 take tilasta wa sababbin gine-ginen kasuwanci su samo rabin ruwan shukokinsu daga ruwan sama.

Garin da ba shi da ruwan kogi kuwa sai ya shiga kasuwa. Queen Creek ta biya dala miliyan 24 don eka-ƙafa 2,033 a shekara daga wata gona a Cibola, bakin Kogin Kolorado, kilomita ɗaruruwa daga garin. Gundumomin bakin kogi uku, Mohave da La Paz da Yuma, suka kai ƙara, suna ganin idan aka buɗe wannan hanya za a busar da garuruwansu gona bayan gona. Buckeye ta amince da dala miliyan 80 a 2023 don eka-ƙafa 5,926 a shekara daga kwarin Harquahala. In aka raba, kowace eka-ƙafa ta tashi kusan dala 13,500, wato wajen 4,500 a kan kowane gida. Wannan kuɗin takarda ne kawai, ruwan yana can ƙarƙashin ƙasa. Haƙa rijiyoyi, tace ruwan, da kai shi gari duk lissafi ne daban, kuma a ƙarshe a farashin gida da kuɗin jona mita za su fito.

Akwai wani rauni da ya daɗe a cikin tsarin wanda kansiloli da yawa ba sa son a tayar. A 1993 aka kafa wata hukumar mayar da ruwa ƙasa, domin a sauƙaƙa wa masu gini a gefen gari. Unguwa za ta yi rajista da ita, ta zuƙi ruwan rijiya, hukumar kuma ta sayi ruwan kogi daidai wannan adadi ta zuba a manyan tafkuna masu yashi ya tsatsa ƙasa, a ɗora kuɗin a kan takardar harajin kowane gida. A littafi lissafi ya daidaita. Amma doka ta ce a mayar da ruwan a cikin yanki ɗaya ne kawai, ba ta ce a inda aka zuƙa ba. Tafkunan galibi suna kusa da babbar magudana inda ruwan ya fi sauƙin kaiwa, unguwar kuwa tana iya kasancewa kilomita hamsin daga nan, ruwan ƙarƙashinta yana ta ja. Kuma rarar ruwan Kolorado da aka gina tsarin a kanta ita ce ta fara ɓacewa da fari ya tsananta, don haka kuɗin da masu gidajen ke biya sai hawa yake yi.

Gona ko gida

Noma ne ke shan kusan kashi 72 cikin ɗari na ruwan Arizona, birane kuma kashi 22 ko kusa da haka. Ekar auduga ko ta ciyawar dabbobi tana shan ruwa fiye da ekar gidaje nesa ba kusa ba. Wannan ne babban dalilin da ya sa ruwan da jihar ke amfani da shi yau bai wuce na 1957 ba, duk da jama'arta sun ninka kusan sau bakwai. Shekara da shekaru Phoenix gonaki take ci tana girma, kowace gona da ta zama unguwa kuma ragi ne a kan rumbun ƙasa. Matsalar ta taso ne da gini ya tsallake gonaki ya faɗa hamada tsantsa inda fili ya fi araha, inda kowane gida sabon nauyi ne a kan ruwan da ba a taɓa taɓawa ba.

Abin mamaki, dakatarwar 2023 ta kama har da manomin da ke son sayar da gonarsa a gina gidaje, ta bar shi yana ci gaba da zuƙar ninkin abin da gidajen za su sha. Don gyara wannan aka yi doka a Yunin 2025 da ta ba manomi a Phoenix da Pinal damar ajiye haƙƙinsa na ban-ruwa, a ba filin wani kaso ƙarami da za a gina gidaje da shi. Kafin nan, a ƙarshen 2024, an buɗe wa garuruwa irin su Buckeye da Queen Creek wata hanyar samun tantancewa: a bar su su ci gaba da rijiyoyinsu na wani lokaci, su kuma su kawo sabon ruwa daga waje, a yanke kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da suka kawo a rage zuƙar rijiya da shi. Amfanin wannan hanya shi ne da zarar an tantance gari, gidan haya da masana'anta da duk mai jone da bututunsa sun shiga lissafi, ƙofofin nan biyu sun rufu a cikin iyakarsa.

Su ma biranen da aka tantance ba a kan dutse suke zaune ba. Tantancewar tana da wa'adi, ana sabunta ta, kuma wani babban kaso na ruwan da suka nuna a takarda na Kolorado ne, mai bin magudanar nan da aka amince tun 1968 ita za a fara yankewa. A Yulin 2022 tafkin Mead, inda ake tara ruwan, ya sauka zuwa kusan kashi 27 cikin ɗari na cikarsa. Wa'adin ƙa'idojin da jihohi bakwai ke raba ƙarancin kogin da su shi ne ƙarshen 2026, kuma duk abin da aka rage wa magudanar a sabon rabo, da shi Scottsdale da Chandler da Phoenix za su koma gaban ma'aikatar ruwa idan lokacin sabunta takardarsu ya yi.